Jiƙon da Inna Ta Ture

Bayan rasuwar Baba, barci ya ƙaurace wa Inna. Tana takaba a gidanmu na unguwar Zariya, nan Maraɗi, idanunta duk suka faɗa. Ƙwayar likita kuwa ta ce ba za ta haɗiya ba. Sai na hau kabu-kabu har Tibiri, wurin wata tsohuwa mai magani. Ta ƙulla mini saiwa da sassaƙe, ta ce a jiƙa a sha bayan isha'i.

Maganin ya ci. Inna ta yi barci har asuba. Amma washegari da na miƙa mata ƙwaryar jiƙon, sai ta ture. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Inna, so kike ki kashe kanki?"

Ta daɗe tana kallon butar Baba. Sannan ta ce, "Yau da na farka, na hura wuta, na ɗumama masa ruwan alwala. Sai da na kai ƙofar ɗakinsa na tuna. In na kwana ido biyu, na san ya tafi. In na yi barci, da safe sai a sake yi mini rasuwa."

Na zubar da jiƙon a bayan ɗaki.