Turaren Hajja Gumsu da Kyamara

Hajja Gumsu ta Koki, jikar Barebari, ta tsufa tana zanen lalle kafin ta fara koyarwa ta bidiyo. Ɗalibai suka soma guduwa, wai hoton dishi-dishi yake. Ta sauya kyamara, a banza.

Rannan na leƙa, na tarar kaskon turaren wuta yana hayaƙi gab da kyamarar.

Na ce, "Hajja, lalle ne ko bandar kifi?"

Ta ce, "Rufe mini baki. Baƙi su shigo ɗakina ba ƙamshi?"

Na ce, "Ai hayaƙin kaɗai ke isa gare su."

Ta fitar da kaskon tana ƙunƙuni. Zanen ya fito raɗau, ta yi hamdala. Ɗalibai sun dawo, turare kuma sai an tashi darasi.