Ranar da aka kwashe kujeru

Har yau in na ji ƙarar kujerun roba ana ɗora su ɗaya kan ɗaya, sai gabana ya faɗi. Shekara bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Rifkatu, yayar mahaifina, wadda ta raine ni a ɗakinta na haya a Gada Biyu tun ina 'yar firamare. Na manta waƙoƙin da aka rera a bakin kabarinta, na manta wa'azin fasto. Abin da ban manta ba shi ne ƙarar nan ta washegari, da masu hayar rumfa suka zo suka loda kayansu a mota.

Gwaggo tana da wata ɗabi'a da ta sha jawo mata magana a zumuntar mata ta coci. Idan aka yi rasuwa, ba ta daɗewa a zaman makoki. Za ta gaisa, ta yi addu'a, ta fita tun kafin a raba abinci. Wasu suka ce girman kai ne. Wasu suka ce taurin zuciya ne irin na wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Sai an binne, dangi sun koma ƙauye, an naɗe rumfa, sannan ta ɗaura tsohon zaninta, ta ɗauki tsintsiya da soso da sabulu, ta aza tukunyar gwate mai zafi a ka, ta nufi gidan.

Ba wa'azi take zuwa yi ba. Takan share ɓawon gyaɗa da ledojin ruwa da baƙi suka zubar, ta kankare tukwane, ta cika randa, ta wanke zanin gadon da mamacin ya yi jinya a kai, wanda kowa ke kauce wa taɓawa. Daga nan ta zauna kusa da mai makoki har sai ta ga cokali ya kai baki. Ko a shekarun rikici, da mutum kan yi dogon tunani kafin ya shiga wata unguwa a garin nan, na ga ta tafi unguwar Rikkos da tsintsiyarta, gidan wata Hajiya da suka taɓa cin kasuwa tare.

Na taɓa tambayarta me ya sa sai kowa ya watse take zuwa. Ta ce, "'Yata, mutuwa ba ta shiga gida sai an kwashe kujeru. Kafin nan a bakin ƙofa take tsaye, tana jiran baƙi su tafi."

Nakan yi tunanin abin da za ta ce da ta ga yadda muke ta'aziyya yanzu. Hoton mamaci da kyandir a waya, kalma biyu, shi ke nan an sauke nauyi. Jana'iza ta ƙara girma, ga riguna masu hoto, ga masu ɗaukar bidiyo, amma washegarinta ta ƙara shiru. Ba na jin za ta yi wa kowa faɗa. Za ta dai ce Ubangijinmu da kansa ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, bai aika saƙo ba. Zumunci a ƙafa yake, mu kuwa mun mai da shi kan yatsa.

A waccan ranar, da motar kujeru ta tashi, sai na ga gaskiyar maganarta. Mahaifina ya kama hanya da sassafe. Tsakar gida ta cika da tukwanen aro, ƙanzon shinkafa ya fara tsami. Na zauna a dokin ƙofa, ban ci ba, ban yi kuka ba, tambaya ɗaya ce ke yi mini yawo: wadda take zuwa wa kowa, wa zai zo mata? Rana ta take, ta karkata. Tsintsiyarta tana jingine inda ta bar ta.

Can da la'asar aka turo ƙofa. Mama Nkechi ce, mai shagon kayan masarufi a Kwararafa, wadda Gwaggo ta yi wa hidima lokacin da mijinta ya rasu. Ba ta yi mini gaisuwa ba. Ta tuɓe takalmi ta ce, "Alheri, tashi ka ba ni soso. Wannan tukunya ba zai wanke kansa ba." Sai a lokacin kukan ya zo. Ta bar ni na yi, tana ta kankara. Haka ta riƙa rufe shago tana zuwa har na koma makaranta.

Cikin dukan gidajen da Gwaggo ta share, mutum ɗaya ce ta zo. Na daɗe ina auna wannan. Wani lokaci in ga ya yi kaɗan ƙwarai, wani lokaci in tuna cewa ɗayar ce ta tashe ni daga dokin ƙofa. Watakila iyakar abin da ya saura na Gwaggo ke nan: ba suna, ba gini, sai hannu ɗaya da ya koyi hanya.

Bara ne, da Mama Nkechi take haɗa kaya za ta koma garinsu, ta gaya mini abin da Gwaggo ta faɗa mata a bakin tukwane, wanda danginmu ba su taɓa ambata ba. Ashe Gwaggo ta haihu. Yarinya ce, ta rasu tana fara tafiya, tun kafin a haife ni. An cika gida, an binne, an kwashe kujeru. Babu wanda ya zo.