Kalangun da Ya Jira Ramatu

Gidanmu a Talata Mafara gidan mahauta ne tun kakanni. Da an idar da sallar isha'i, maza sukan zauna a zaure suna hirar shanun kasuwa, mu yara kuma mu kewaye murhun kakata, Inna Tumba, inda take narka kitsen da ya rage. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya natsu. Sai ta gyara itace ta ce, "Ku aje baki ku miƙo kunne, ga ta nan tahe."

Akwai wadda na fi roƙon ta maimaita, ko da yake kullum sai na yi kuka. Labarin wata marainiya ce mai ɗingishi. In 'yan mata sun fita dandali dariya suke yi mata, don ƙafarta ba ta cim ma kiɗa. Wata rana wani tsohon makaɗi ya yafito ta ya ce ta shiga fili. In ta yi jinkiri ya sassauta hannu, in ta yi tuntuɓe ya ɗora bugu a daidai wurin, har mutane suka zaci sabuwar rawa ce. Gauraki ma suka taso daga fadama suna takawa a bayanta. Ana nan tsohon ya rasu. Aka kawo samarin makaɗa, gwanaye, amma babu mai duban ƙafarta. Ta faɗi a tsakiyar fili, gauraki suka tashi. Ta bi su fadama, ba a sake ganinta ba.

"Inna, ba ta dawo ba?"

"Ƙawata, ba kowace tatsuniya ka ƙarewa da biki ba. Tashi ki kwanta."

Na girma na zama malama a wata makarantar 'yan mata. Da aka ba ni shirya wasan bikin ƙarshen shekara, na ce wannan tatsuniyar za mu yi, ba da baki ba, da rawa zalla. Shugabarmu ta ce a sa kiɗa a waya a haɗa da lasifika, ya fi sauƙi. Na yi ta roƙo har ta bar ni. Na nemo Baba Sale, wanda ya tsufa yana yi wa mahauta kalangu, da wani mai sarewa daga Morai, da mata biyu masu kiɗan ƙwarya. Mako shida muna gwaji a gindin darbejiya.

Wata ɗalibata, Ramatu, ita na ba wa rawar marainiya. Daga wani ƙauyen Maradun suka gudo da uwarta bayan 'yan bindiga sun kashe babanta. Ba ta cika magana a aji ba, amma in an buga ƙwarya jikinta yakan amsa.

Ranar wasa iyaye suka cika fili. 'Yan mata takwas da fararen zannuwa suka zama gauraki, komai na tafiya daidai. Can iska ta maka ƙyauren wani aji, ƙara ta tashi kamar harbi. Ramatu ta durƙushe, ta rufe kai da hannuwa. Uwarta ta miƙe daga cikin taro. Ni ma na yunƙura, sai Baba Sale ya girgiza mini kai. Ya tsai da masu ƙwarya, ya bar sarewa ita kaɗai. Sannan ya matso kusa da yarinyar yana taɓa kalangu a hankali, bugu ɗaya, ya jira, ya ƙara ɗaya.

"Taso, ɗiyata," ya ce. "Ba mu zuwa ko'ina sai da ke."

Ta ɗaga ƙafa, ya buga. Ta aje, ya buga. Haka ta ƙarasa rawar hawaye na zuba. Da aka gama babu wanda ya yi tafi, mata sai share ido suke da bakin gyale.

Washegari na hau mota zuwa Bakura, gidan kawuna, inda Inna Tumba take jinya. Tsufa ya riga ya cinye tunaninta. Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar wa ce?" Na faɗa mata, ba ta gane ba. Na zauna a bakin tabarmarta na fara ba ta tatsuniyar. Tana saurare, sai hankalinta ya ɓace, ta tambayi ko an ɗaure awaki. Na jira har hankalinta ya dawo, na ɗora daga inda muka tsaya. Da na kai ƙarshe ta riƙe hannuna.

"Wagga tatsuniya da ban tausai take. Wa ya hwaɗa miki ita?"

"Wata tsohuwa ce, Inna."

"Allah shi jiƙan ta."

Ina yarinya na ɗauka labarin a kan rawa yake. Sai a ɗakin nan na gane cewa kowa yana da ranar da ƙafarsa za ta gaza, kuma abin da yake buƙata ranar ba gwani ba ne, mai jira ne. Ban koma makaranta ba sai bayan kwana goma sha ɗaya. Kullum da yamma nakan ba ta labarin, kullum sabo ne a wurinta. A rana ta ƙarshe ba mu kai ga mutuwar tsohon makaɗin ba barci ya ɗauke ta, ni kuwa ban tashe ta ba.