Inna Mai Wankin Asibiti

Shekara ashirin da shida ta yi tana wanke zannuwan gado a babban asibitin garin, shi ya sa har jikokinta Inna Mai Wanki suke kiranta. Ɗakin wankin yana can baya kusa da tankin ruwa, inda tururi ke sa bango gumi. Ba ta taɓa riƙe allura ba, amma tana ɗaga zani za ta gaya maka ɗakin da ya fito, na masu haihuwa ne ko na 'yan tiyata. Maganin wanki ya cinye mata fatar hannu ta yi fari-fari, har mijinta, wani kafinta mai yawan barkwanci, yakan ce mace ɗaya ya aura amma launi biyu aka ba shi.

Shekara guda da ta ajiye aiki, ƙodar kafintan ta tsaya. Aka sa shi a kan wankin ƙoda sau biyu a mako. Ranar farko ya dubi injin, ya dube ta, ya ce, "To kin gani. Kin gama yi wa asibiti wanki, yau ga asibiti yana wanke miki miji."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe a gidan ba. Babu mai faɗin farashin komai sai an gama yi, sannan takarda ta biyo baya. Suka sayar da injin yankan katako, suka sayar da filin da ya saya wa 'yarsu. A wata na takwas jikin ya rikice, aka ce sai ɗakin kulawa ta musamman. Kafin a tura gadon ya kamo bakin mayafinta.

"Ki mai da ni gida," in ji shi. "Na gaji."

Ta fita baranda ta gaya wa ƙaninsa. Ƙanin ya zaro ido. "Haba Yaya! A ce mun gaji da shi? Da wace fuska za mu kalli mutane?" Sai ta bar maganar ta koma ciki. Aka zura wa kafintan bututu a maƙogwaro, bai sake magana ba. Kwana goma sha tara ya yi a haka. Ya cika da hantsi, lokacin tana tsaye a layin biyan kuɗi.

Bayan wata biyu ta haɗu da wata nas da suka daɗe da sanin juna, a bakin kantin magani. Nas ɗin ta yi mata gaisuwa, sannan bakinta ya kuɓuce: ai tun ranar da aka kai mijinta ɗakin kulawa ta musamman likitoci sun san ba zai tashi ba.

"To me ya hana a gaya mini?"

"Ba ki tambaya ba, Inna. Mu kuma ba a koya mana faɗa ba."

Inna ta koma gida ta zauna a shagon kafintan, cikin ƙamshin katako, har rana ta karkata. Ba kuɗin ne ya fi ci mata rai ba. Mutumin ya faɗi abin da yake so da bakinsa, ita ce ta ji, ita ce kuma ta haɗiye.

Da matar wanzamin layinsu ta kwanta da ciwon daji, Inna ta yafa mayafi ta bi su asibiti ba tare da an gayyace ta ba. Likita na gama rubutu ta ce, "Ɗana, nawa ne wannan? Kuma warkewa za ta yi, ko kwana kawai za a ƙara mata?" Likitan ya ɗago a fusace, sai ya ga tsohuwa ce mai hannu fari-fari, ba rigima ta kawo ba. Ya ajiye biro ya faɗi gaskiya. Matar wanzami da kanta ta zaɓi a ba ta maganin rage zafi ta koma ɗakinta, ta yi sauran makonninta tana jin hayaniyar 'ya'yanta.

Daga nan aka fara zuwa neman Inna, aka kuma fara gudunta. Akwai gidan da aka rufe mata ƙofa, aka ce tsohuwar nan mai kiran mutuwa ce. Ta ce, "Ni da ko akuya na kira ba ta zuwa?" Ta wuce gida na gaba.

Sannu a hankali shagon kafinta ya zama wurin taro duk ranar Asabar. Suna zama a kan bencinan da marigayin bai ƙarasa gogewa ba: wanzami, wata tela, wani direban tanka da ya binne ɗansa, da wani malamin makaranta mai ritaya wanda shi ke riƙe biro, don Inna karatunta a hankali yake tafiya. Suka rubuta buƙatunsu ga hukumar asibiti. A kafa farashi a bango kowa ya gani. A rage kuɗin wankin ƙoda. A riƙa tura nas gidajen waɗanda magani ya ƙare musu amfani. Mutum kuma ya iya rubuta abin da yake so a yi masa tun yana da bakin magana, a mutunta takardar. Gida-gida suka bi, mutum ɗari huɗu da goma sha biyu suka sa hannu, wasu da dangwale.

Ranar ganawa ce karo na farko da Inna ta hau benen ofisoshin asibitin. Shugaban hukumar ya juya takardun ya yi murmushi. "Inna, harkar asibiti fa ba wanki ba ce."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," ta ce. "Amma a wanki na koyi cewa in an ninke zani da kyau fiye da kima, to a buɗe shi, akwai abin da aka ɓoye a ciki."

Ba wanda ya yi dariya. Aka ce za a duba. Sau bakwai suka koma cikin shekara biyu, direban tanka ya gaji ya daina zuwa. A ƙarshe aka kafa allon farashi kusa da tagar biyan kuɗi, aka ware nas biyu masu zagaya gidaje a kan babur, aka yarda da takardar in shaidu biyu sun sa hannu. Kuɗin wankin ƙoda kuwa aka ce daga sama yake, ba a taɓa shi ba.

Inna ce ta fara cika takardar, amma 'yarta ta ƙi zama shaida. Duk lokacin da aka ɗauko maganar sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Sai da ƙafafun Inna suka kumbura, likita ya ce zuciya ce, sannan 'yar ta zauna a bakin gado ta karanta. An rubuta a ba ta maganin ciwo ko nawa ne, kada a sa mata injin numfashi, kada a sayar da gidan saboda ita.

"Inna, in na kasa fa?"

"Za ki kasa. Ki fita waje ki yi kukanki, ki wanke fuska, ki dawo ki miƙa musu."

Ta ƙara wata goma sha huɗu a duniya. Da numfashi ya yi mata wuya ita ta ce a kai ta asibiti, don ba ta son jikoki su ga wahalarta. Wani sabon likita ya ba da umarnin a kawo injin. 'Yar ta fita baranda, ta daɗe, ta dawo idonta jajir ta miƙa masa takardar. Ya karanta sau biyu, ya ce a bar injin, ya jawo wa 'yar kujera kusa da kan gadon. Inna ta rasu washegari da la'asar, hannunta cikin na 'yarta.

Maganar wankin ƙoda har yanzu tana hannun malamin makaranta. Makon jiya ya kai wasiƙa ta goma sha ɗaya ma'aikatar lafiya, aka ce ya dawo bayan an zauna kan kasafi.