Gwaggo da Hotunan Ƙafafu

'Yar ƙanen babana ce ta tayar da zancen. Tana karatu a ƙasar waje, sai wata rana da hantsi ta turo hoton wata takarda cikin zauren danginmu na waya, inda aka saba sanar da suna da biki da rasuwa. Ta ce gwajin ƙwayoyin halitta ta yi, wanda ake kira DNA. Wai yawu ta tofa a 'yar kwalba ta aika, bayan makonni aka maido mata da bayanin asalinta da halayenta.

Asalin bai ba kowa mamaki ba, Afirka ta Yamma aka rubuta. Abin da ya tashi zauren shi ne layin da ya ce mai wannan jini tana cikin masu sammakon tashi. Yarinyar nan kuwa, tun tana firamare sai an yayyafa mata ruwa take buɗe ido. Yayanta ya rubuta, "A koma a duba kwalbar, ƙila yawun wata aka auna."

Babana malamin kimiyya ne da ya yi ritaya, yana zaune a unguwar Badariya a Birnin Kebbi, kuma ya daɗe bai samu ajin koyarwa ba. Ranar ya samu. Ya rubuto bayani mai tsawon gaske: cewa cikin kowace ƙwayar jiki akwai wani zare mai tufka biyu kamar igiyar guga, rabin saƙon da ke jikinsa daga uwa, rabi daga uba, da irin wahalar da masana suka sha kafin su gano siffarsa. Mutum biyu suka amsa da "Allah ya ƙara basira, Baba," wanda a zaurenmu yake nufin ba a karanta ba.

Bayan azahar sai ga saƙon murya daga Gwaggo, yayar babana da ke Argungu. Ita ba ta rubutu, magana take ɗauka, kuma sai ta gaida kowa gida-gida kafin ta shiga zance.

"To ni ban gane ba," in ji ta. "Yarinya ta aika yawunta bayan teku don a hwaɗa mata ita ɗiyar nan ta? Da ni anka tambaya. Rabinku ni na wanke ku kuna jarirai. Kowa shi turo hoton ƙafarshi, in gaya mishi wanda ya ɗauko."

Mun ɗauka wasa take yi. Amma kafin la'asar wani ƙanena ya turo tasa, Gwaggo ta ce wannan faffaɗan diddigen na kakanmu ne mai noman shinkafa a fadama, sai dai shi kakan ya yi aiki da nasa. Daga nan aka ɓalle. Kwana uku in ka buɗe zauren ba abin da za ka gani sai ƙafafu. Mata suka riƙa jinkiri har sai sun sa lalle. Wani kawunmu mai faso ya turo tasa cikin safa, Gwaggo ta ce rowar nuna ƙafa ma gado ce, ta san daga inda ta fito. Wata surukarmu da aure ya kawo ta cikinmu ta turo tata don gwaji ba tare da ta yi magana ba, ta lambar mijinta. Gwaggo ta ce, "Wagga ba tamu ba ta, amma muna so."

Babana ya yi ƙoƙarin gyara zance. Ya rubuta cewa kama ta ido ba hujja ba ce a kimiyya. Gwaggo ta amsa masa a taƙaice: "Kai ma turo taka." Bai turo ba, bai kuma ƙara rubutu ba.

Ni na ɗauki tawa a ofis, ƙarƙashin tebur, ina sauri kada abokin aikina ya shigo ya same ni da takalmi a hannu. Yatsana na kusa da babban yatsa ya fi shi tsawo, kuma ya ɗan hau kansa, abin da ya sa ban cika son silifa ba. Na tura, na zauna jiran rabona na tsiya. Gwaggo ta yi wa wanda ya turo kafin ni magana, ta yi wa wadda ta biyo bayana, ni ta tsallake ni. Washegari ma shiru. Ƙannena suka fara cewa ƙila a asibiti aka musanya ni.

Rana ta uku ta kira ni kai tsaye. Bayan gaisuwa ta ce, "In ka samu sarari ka taho Argungu."

Ranar Asabar na shiga mota. Na same ta a tsakar gida tana gyaran busasshen kifi a faifai. Ta sa aka kawo mini fura, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce in cire takalmi in taka zuwa bakin zaure in dawo. Na yi, ina jin kaina kamar ragon da ake dubawa a kasuwa. Ta ce in ƙara. Na ƙara.

Ta ajiye faifan. Ta ce suna da wa, babban ɗan gidansu, wanda zazzaɓi ya ɗauke yana saurayi, babana kuwa ko yaye shi ba a yi ba. Wan nasu ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Shi yake goya ta zuwa bakin gulbi, ita kuma tana leƙen ƙasa ta gefen kafaɗarsa, don haka ƙafarsa ta fi riƙewa fiye da fuskarsa.

"Na daɗe ina duban ɗiyan gidan ga, ban gan ta ba," in ji ta. "Ashe kai ka ɓoye ta cikin sau-ciki."

Na ce, "Gwaggo, ai da kin faɗa a zauren, an daina cewa musanya ni aka yi."

"Wanga ba zancen waya ba na."

Ta jima tana kallon ƙafar. Sannan ta ɗauki faifanta ta ce ta marigayin dai ta fi tawa tsabta, don shi kullum yana cikin ruwa.

Da na dawo Birnin Kebbi na biya ta Badariya. Babana yana kan tabarma a ƙofar gida yana sauraren rediyo. Na ba shi labari, ina jiran ya ce kama ta ido ba hujja ba ce. Sai ya rage muryar rediyon, ya laluba aljihu ya ciro tabarau.

"Zauna nan," ya ce. "Cire takalmin."

Na cire. Ya sunkuya ya duba ta dama, ya duba ta hagu, ya miƙo tasa ya jera kusa da tawa. Ba su yi kama ba ko kaɗan. Muna nan zaune a haka wani maƙwabcinsa ya zo wucewa, ya yi sallama, ya tsaya yana tambaya ko ƙaya na taka.