Baƙon da ya tsaya a ƙofa

Shekarun baya, wani abokina ɗan Magarya ta Nijar ya yanke shawarar kafa kamfanin gyaran riɗi a garinmu Babura. Tun muna samari nake tare da shi. Duk ranar kasuwa a gidanmu yake sauka, mahaifiyata ma ta ware masa kwanon tuwonsa. Hausarsa irin tamu ce, in ba ya fara lissafi da sefa ba, ba za ka taɓa cewa daga ƙetare yake ba.

Ya kama sito a bakin gari, ya sayo injin da ke cire tsakuwa da ƙaiƙayi daga riɗi, sannan ya ce in raka shi Kazaure wurin lauya a yi wa kamfanin rajista. Na sha babbar riga, na ɗauka ni ne jagora. Lauyan ya tambaya, "Mai kamfanin ɗan ƙasa ne ko baƙo?" Caraf na ce, "Ɗan gida ne, ranka ya daɗe."

Abokina ya dafa gwiwata ya ce, "Baƙo ne."

Lauyan ya yi mana bayani cewa hanyar baƙo doguwa ce. Bayan rajistar kamfani akwai rajista a hukumar masu zuba jari, akwai izinin kasuwanci da sai daga Abuja yake fitowa, ga kuma izinin zamansa shi kansa. Muna fitowa na fara faɗa. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Sa sunana a matsayin mai kamfani, kai ka ci gaba da harkarka. Wa zai tambaya? Haka kowa yake yi." Ya yi dariya kawai ya ce mu nemi mota.

Ni da bakina na kai ƙararsa wurin mahaifiyata, kuma na ƙara gishiri. Da ya zo gaishe ta, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Ashe baƙo nake ciyarwa shekara da shekaru ban sani ba?"

Ya durƙusa ya ce, "Inna, a gidan nan ni ɗa ne. Amma ko a nan, kin taɓa ganin na faɗo miki ban yi sallama ba? Ƙasar nan ma gidan wasu ce. Na yi sallama, ina jira a amsa."

Sai ta ɗago ta dube shi. Ni kuwa haushi ya ƙara kama ni, don na ga mai goya mini baya ta fara sauya sheƙa.

Jiran nan ya yi tsawo. Kaka ta zo, manoman Roni da Gwiwa da suka yi masa alkawarin riɗinsu suka gaji suka sayar wa wasu. Injin yana zaune a sito an lulluɓe shi da tamfol, matan da ya yi wa alkawarin aikin tsinta kullum suna tare ni a hanya. Na je na same shi na ce ko gwaji ne mu tayar da injin, mu rufe ƙofa, ba wanda zai ji. Ya ce, "Ba a amsa ba tukuna." Wallahi ranar na yi masa kallon wanda bai san ciwon kansa ba. Kakar nan gaba ɗaya ta wuce shi, ya rame, amma bai taɓa tamfol ɗin ba.

Sai da rani ya yi nisa izinin ya fito. Kaka ta gaba injin ya fara ruri, matan suka samu aiki, ni kuma ya ɗora ni a kan kula da sito.

Ana nan, sai aka rufe iyaka yana can Magarya wurin jinyar mahaifinsa. Ba shiga ba fita. A cikin wannan hali jami'ai suka zo garinmu suna bin wuraren da aka ce na 'yan ƙetare ne. Wani sito da ke kusa da mu, wanda aka yi wa irin dabarar da na kawo, a gabana aka garƙame shi, ma'aikatan suka watse. Daga nan suka shigo namu. Babbansu ya ce, "Na wane ne nan?" Na buɗe baki zan ce na ɗan gida ne, sai na ji kaina na ce, "Na baƙo ne, ranka ya daɗe." Suka duba abin da za su duba, suka ce Allah ya ba da sa'a, suka fita. Injin ko tsayawa bai yi ba, matan ma ba su ɗago daga faifansu ba.

Har yau in na tuna ina jin girman mutumin nan a raina. Ni a wurina ƙauna ce ta sa na so in ɓoye baƙuncinsa, shi kuwa ya ga girmama mu shi ne ya shigo ta ƙofa da sunansa. Da ya bi tawa, da matan nan ne za su fara kwana da yunwa.

Ranar da aka buɗe iyaka, gidanmu ya fara zuwa. Ya tsaya a zaure ya yi sallama. Mahaifiyata ta gane muryar, amma ta ce, "Wane ne?"

"Baƙo ne, Inna."

Ta ce, "To baƙo ya dakata, ana duba maganarsa a Abuja." Tana faɗa tana share hawaye da bakin mayafi, tana laluben kwanonsa. Shi kuwa yana nan tsaye a zaure, bai ɗaga ƙafa ba sai da ta ce ya shigo.