Ciyawar Gershon

Gershon ƙanen mijina ne, kuma ban taɓa jin haushinsa ba sai da ya shanye mana rijiya. Ya daɗe a Abuja yana tuƙa wani babban mutum. Da ƙarfi ya fara ƙarewa sai ya dawo ƙauyenmu kusa da Kafanchan, ba mota, ba jari, sai son koriyar ciyawa irin ta gidan ogansa.

Rijiya ɗaya ce tsakanin gidansa da namu. Marigayi babansu ne ya haƙa ta, kuma ko a watan Maris, lokacin da rafi ke komawa yashi, tana ba mu na sha da na tuwo in mun bi ta a hankali. Tsohon ya kewaye gidan da kyarana, shukar nan mai ƙaya da ba ruwanta da ban ruwa. Zogale da mangwaro kuma ya rufe gindinsu da busasshiyar ciyawa, yadda muke rufe gonar citta. Adonmu ke nan, kuma ya ishe mu.

Gershon ya ce ƙauyanci ne. Kafin Kirsimeti ya sa aka sare kyaranar kaf aka watsar a kwazazzabo, ya dasa ciyawar da ya sayo daga Kaduna.

Na ce, "Baban Doreen, me za ta sha in rani ya kama?"

Ya ce, "Matar yaya, ke dai zuba ido. Baƙi za su ɗauki hoto a nan."

Sun ɗauka kuwa. Ranar Kirsimeti har fasto ya tsaya a kai. Daga nan fa safe da yamma guga ba ya hutawa. Tir! Mutum da furfurarsa, yana durƙusa wa ciyawa kamar mai jinyar uwa. Ya kuma manta, ko ya yi kamar ya manta, cewa bayan girbi kowa sakin awakinsa yake yi, kuma kyaranar nan ce ke tare su. Shi ya ba da ruwa, awakin unguwa su yi godiya. Mijina ya yi masa magana, Gershon ya ce baƙin ciki ne.

Tun a Fabrairu guga ya fara fito da laka. Matarsa Patricia, da ciwon gwiwarta, ita da ni muka koma ɗaukar jarka zuwa famfon makaranta, can bayan kasuwa.

Ana cikin haka tsohuwarsu mijina, Mama Afiniki, ta kwanta ciwo a gidan Gershon, matan zumunta suka taso daga coci da tsakar rana su yi mata addu'a. A wurinmu baƙo ba ya buɗe baki sai an miƙa masa ruwa. Patricia ta shiga kicin ta ɗaga jarkar da ta sha wahalar kawowa da safe, ta ji ba nauyi. Ta leƙa waje, ga ƙasa a jiƙe, ga awaki a kai. Na ruga gidana, nawa ma yara sun ƙarar.

Haka matan nan suka yi waƙa da busasshen maƙogwaro. Da suka gama, tsohuwa ta ɗago kai ta ce, "Patricia, ba ni ruwa kaɗan in haɗiye magani."

Gershon yana tsaye a bakin ƙofa, bokiti na hannunsa.